Rahoton kwamitin gini: mun gama rufin majami'a kafin Kirsimeti

Salama gare ku 'yan'uwa cikin sunan Yesu, na gida da na Yola, Jos, Abuja da Legas da kuka riƙa damunmu da waya kuna tambaya ina aka kwana. To babban aikin sake gina majami'a ya ƙare. Lahadin da ta wuce mun yi sujada a ciki, ba a rumfa ba, kuma hunturu bai watsa wa Baba Fasto takardun wa'azi ba kamar yadda ya saba.

Yaran da aka haifa a gudun hijira ba su ma san tsohuwar majami'ar ba, shi ya sa za mu ɗan koma baya. A watan Satumba 2014 Michika ta faɗi a hannun Boko Haram, Mubi ta bi a ƙarshen Oktoba, har hedkwatar EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, a Kwarhi sai da aka watse. Da muka dawo a 2015 bango kawai muka tarar, baƙi ƙirin, kwano ya nannaɗe kamar tabarma, bencina duk toka. Aka kafa rumfar zana a gefe, daga baya aka sa mata tsohon kwano, muka ce na ɗan lokaci ne, ɗan lokacin nan kuwa yara sun yi baftisma a cikinsa sun yi aure.

Gaskiya abin da ya fi cin lokaci ba kuɗi ba ne, gardama ce. Wasu dattawa sun ce kada a gina, me za a zuba dukiya a abin da dare ɗaya zai iya cinyewa, kuma ba wanda ya ga laifinsu, don a 2020 an shiga Garkida an ƙona majami'u, Garkidan da aka fara sujadar EYN a gindin tsamiya a 1923, sannan a jajiberin Kirsimeti na shekarar aka kai hari Pemi kusa da Chibok. Mun yi zama uku ba mu tsai da komai ba. A na huɗu wata gwauruwa daga Zumuntar Mata, wadda aka kashe mata miji da ɗa, ta ce ita ta gaji da yin addu'a kamar baƙuwa a garin ubanta, ta ajiye kwaryar gyaɗa a kan tebur ta ce ga nata. Ba wanda ya sake magana. Baba Fasto ya buɗe mana Nehemiya, inda magina ke aiki da hannu ɗaya, ɗaya hannun na riƙe da makami, aka yi azumi da addu'a kwana uku sannan aka fara.

Injiniya ya ce bangon gabas da na kudu wuta ta ci su, in ka buga bulo sai ya marmashe, dole aka rushe su har ƙasa. Sauran biyu aka kankare aka zuba sabon linta ya kewaye duka, aka ƙara jeri 3 na bulo mai inci 9 don iska ta samu shiga lokacin zafi. Nan ne tsada ta kama mu. An cire tallafin mai a Mayu 2023, kuɗin tifar yashi da na dako daga Mubi suka tashi, buhun siminti da muke saya ƙasa da dubu 5 ya haura dubu 10 a Fabrairu 2024, lissafinmu na farko ya zama takardar banza. Aiki ya tsaya damina guda.

Muna da namu laifin, ba za mu ɓoye ba. Mun ba wani kafinta kuɗin katako gaba ɗaya ba tare da rubutu ba saboda ɗan gida ne, ya kawo ɗanyen katako, kafin wata biyu rafta ta lanƙwashe. Aka sauke, aka sayo busasshe, aka shafe shi da baƙin mai saboda gara. Ya zo gaban dattawa ya roƙi gafara, yana biya kaɗan kaɗan, don Allah a bar maganar nan.

Ruwan aikin duka mata ne suka ɗebo, tun asuba bayan addu'ar safe, matasa suka buga bulo da gayya ranar Asabar, mawaƙan coci suka kwashe baraguzai suna waƙa, wani lokaci waƙar ta fi aikin yawa amma mun gode. Baikon godiyar kaka na bana, masara, dawa, wake da awaki, shi ya sayi kwanon ƙarshe. Ƙofofin ƙarfe kuma maƙwabcinmu mai walda, Musulmi ne, shagonsa ma an ƙona a wancan lokaci, ya ce a biya kuɗin ƙarfe kawai ladan hannunsa ya yafe. Mun sa ƙofa 4 maimakon 2 na da, kowa ya san dalili.

An gama rufi, filasta ciki da waje, daɓe, tagogi da bagade. Babu silin tukuna, babu fenti a waje, bencina ba su kai rabi ba. Cikakken lissafin shiga da fita yana wurin ma'aji, an kuma manna kwafi a bayan ƙofar yamma, duk mai tambaya ya zo ranar Laraba bayan addu'a.

Dattawa sun ce sujadar jajiberin Kirsimeti ƙarfe 4 na yamma za a yi, a tashi kafin duhu, ba kwanan coci bana ma. Matasa masu gadi su ga sakatare ranar Juma'a. Ranar 25 ƙarfe 8 na safe, yaran Sande Sukul za su yi wasan komin dabbobi a sabon bagade, mai kujera ko tabarma ya zo da ita, a kuma ba tsofaffi layin gaba kusa da ƙofar kudu.

Sakataren kwamitin gini, a madadin kwamiti.