Sanarwa kan kalmomin rage wa abu nauyi a Turanci

Assalamu alaikum ƴan uwa. Darasinmu na daren jiya ya bar baya da ƙura, domin na ga da yawanmu suna ɗaukar downplay da belittle abu ɗaya ne. Akwai bambanci, kuma yana da muhimmanci a gare ni mu gane shi.

Downplay, ko play down, rage wa abu nauyi ne da baki. Baba ya dawo daga asibiti, yara sun kewaye shi, ya ce "ɗan zazzaɓi ne kawai", alhali takardar gwaji na ninke a aljihunsa. Sau da yawa tausayi ke jawo wannan, ko da yake hukuma ma kan yi shi don kwantar da hankalin jama'a.

Belittle kuwa raini ne, yana taɓa mutuncin mutum. Yarinya ta shigo da sakamakon jarrabawa tana murna, yayanta ya taɓe baki ya ce "ai kowa ma ya ci". Kalmar ta fito a rubutun Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, wanda aka buga a 1785, inda yake mayar wa Buffon, wani masani ɗan ƙasar Faransa, martani kan iƙirarinsa cewa dabbobin Amurka ƙanana ne.

Understate faɗin ƙasa da ainihin abu ne, musamman adadi. Trivialise kuma mayar da babban lamari abin wasa.

Don Allah kowa ya turo jimla biyu, a rubuce, kafin Isha'in Juma'a.