Wasiƙa ga 'yata kan tsaya wa tsofaffin sojojin da aka yi gwajin guba a jikinsu

Zuwa ga 'yata abar ƙaunata, Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Saƙonki ya iso, kuma na fahimci cewa kina tsaye tsakanin ayyuka biyu, wato na kamfanin lauyoyi mai albashi mai tsoka, da na ofishin da ke tsaya wa tsofaffin sojojin Amurka kyauta, musamman waɗanda gwamnatinsu ta gwada makamai masu guba da na ƙwayoyin cuta a jikinsu. Tunda kin nemi shawarata, ina ganin ki karɓi na biyun, amma ki shige shi kin san irin katangar da za ki tarar, domin abokin shari'arki a wannan aiki yana da makamai biyu da suka fi kowane lauya ƙarfi, su ne sirri da jinkiri.

Ki fara da sanin abin da aka yi wa mutanen nan, kada ki tsaya ga taƙaitaccen bayanin da za a ba ki a ofis. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kimanin sojoji 60,000 aka shigar cikin gwaje-gwajen gas ɗin mastad da makamantansa, kuma wajen 4,000 daga cikinsu sun sha gwaji mai tsanani. Akan sa wa saurayi kayan kariya da takunkumin fuska, a rufe shi a ɗaki, a saki gas ɗin, a maimaita kwana bayan kwana har sai fatarsa ta ƙone ta yi bororo, musamman a hammata da matse-matsi inda gumi ke taruwa. Da ya fito sai a gargaɗe shi cewa idan ya faɗa wa kowa, ko da likita ne ko matarsa, kotun soja ce makomarsa. Bayan yaƙin, daga 1955 zuwa 1975, a sansanin Edgewood da ke jihar Maryland, an gwada sinadarai fiye da 250 a jikin sojoji kusan 7,000, cikinsu har da sarin da VX masu kashe jijiyoyi, da BZ da LSD masu gusar da hankali. Da yawansu an jawo su ne da alkawarin hutun ƙarshen mako da sauƙin aiki, wasu kuma an ce musu tufafin kariya za su gwada. Sannan daga 1962 zuwa 1973 aka gudanar da shirin da ake kira Project 112, wanda ɓangarensa na teku ake ce wa SHAD, inda aka riƙa fesa sinadarai da ƙwayoyin cuta a kan jiragen ruwan yaƙi don a ga yadda za su jure, alhali matuƙan da ke ciki, waɗanda tare da sauran mahalarta shirin sun kai kusan 6,000, da dama ba su san abin da ke sauka a kansu ba. Ma'aikatar Tsaro ba ta fara sakin bayanan wannan shiri ba sai bayan shekara ta 2000.

Abin da ya fi ci mini rai a duk wannan tarihi shi ne rantsuwar nan ta rufe baki. Soja mutum ne da aka horar a kan cika alkawari, kuma waɗannan samari sun cika nasu. Mutum ya yi shekara talatin ko arba'in yana fama da ciwon huhu ko firgita cikin barci, ya je gaban likita ya kasa faɗin mafarin ciwonsa saboda ya rantse. Ranar da aka sake shi daga rantsuwar, ya je neman haƙƙinsa, sai a ce masa ya kawo shaida, kuma a tambaye shi dalilin da ya sa bai zo da wuri ba. Sai a 1993 aka ɗage rantsuwar ga waɗanda aka yi wa gwaji kafin 1968, saura kuwa sai da suka ƙara jira shekaru masu yawa. Amanar da suka riƙe ita aka juya aka mai da hujja a kansu, kuma wannan zalunci ne da ya zo a kan zalunci.

Game da shaidar da ake nema kuwa, ki tuna cewa takardun suna hannun wanda ake ƙara. A 1973 shugaban hukumar leƙen asiri ta CIA, Richard Helms, ya ba da umarnin a lalata fayilolin shirin MKUltra na gwajin ƙwayoyi masu juya hankali. A watan Yulin shekarar kuma gobara ta tashi a ma'ajiyar takardun ma'aikata da ke St. Louis, ta cinye fayilolin soja miliyan 16 zuwa 18, mafi yawansu na sojojin ƙasa da aka sallama kafin 1960. Gobarar ƙaddara ce, amma an daɗe ana ɗora wa tsoffin sojoji asararta, ana hana su haƙƙi saboda babu takardar da ta nuna sun taɓa shiga ɗakin gas. A 2015 binciken gidan rediyon NPR ya gano cewa cikin mutum 4,000 ɗin nan da Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji ta yi alkawarin nemowa tun farkon shekarun 1990, mutum 610 kaɗai ta yi ƙoƙarin tuntuɓa. Wannan fallasa ce ta sa Sanata Claire McCaskill ta jihar Missouri ta kawo dokar da aka raɗa wa sunan Arla Harrell, wani tsohon soja da aka yi ta ƙin amsa buƙatarsa, kuma a 2017 aka zartar da ita, ta tilasta a sake duba ƙorafe-ƙorafen da aka yi watsi da su, ta kuma sassauta wa masu nema nauyin kawo shaida. A lokacin, mafi yawan waɗanda dokar ta shafa sun riga mu gidan gaskiya.

Kin fi ni sanin dokar ƙasar da kike zaune, amma zan tuna miki da hukunci guda biyu, domin su ne za su hana ki yi wa kowa alkawarin kuɗi. A 1950, a shari'ar Feres, Kotun Ƙoli ta yanke cewa soja ba zai iya ƙarar gwamnati neman diyya ba kan raunin da ya samu ta dalilin aikinsa. A 1987 aka gwada wannan ƙa'ida da shari'ar James Stanley, sajan da aka ba LSD a ɓoye a 1958, halayensa suka canza, aurensa ya mutu, bai kuma san sanadin ba sai a 1975 da rundunar soja ta aiko masa da wasiƙa tana neman ya shiga binciken waɗanda aka taɓa ba ƙwayar. Alƙalai biyar suka ce ba shi da hanyar ƙara, huɗu suka saɓa. Mai shari'a Sandra Day O'Connor da mai shari'a William Brennan sun tuna wa kotun ƙa'idojin Nuremberg na 1947, waɗanda alƙalan Amurka da kansu suka shimfiɗa lokacin da suke hukunta likitocin Nazi, kuma na farkonsu shi ne ba a gwaji a jikin ɗan'adam sai da yardarsa ta son rai. Ƙa'idojin nan ba baƙi ba ne gare mu, domin da su aka kafa hujja a kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka a 2009 a shari'ar yaran Kano da aka gwada wa maganin Trovan lokacin annobar sanƙarau ta 1996. Stanley dai bai samu komai daga kotu ba, sai da majalisar dokoki ta yi doka ta musamman dominsa, aka ba shi kimanin dala 400,000 a 1996, kusan shekara arba'in bayan abin ya faru.

Duk da haka ƙofa ba a rufe take ruf ba, kuma yadda aka buɗe ta shi ne darasin da nake so ki riƙe. A watan Janairun 2009 ƙungiyar tsofaffin sojojin yaƙin Biyetnam da wasu mutane ƙalilan suka shigar da ƙara a kotun tarayya da ke arewacin Kalifoniya, lauyoyinsu suna aiki kyauta. Ba su nemi ko sisin kwabo ba. Sun nemi a sake su daga rantsuwa, a faɗa musu abin da aka sa a jikinsu, a kuma yi musu magani. Hujjarsu ita ce dokar cikin gida ta rundunar sojan ƙasa kanta, mai lamba 70-25, wadda ta tanadi kulawa ga duk wanda aka yi bincike a kansa. Mai shari'a Claudia Wilken ta yanke a 2013 cewa wajibi ne rundunar ta ci gaba da sanar da su duk wani sabon bayani da ya shafi lafiyarsu, kotun ɗaukaka ƙara ta ƙara da cewa wajibi ne a ba su magani, kuma a 2017 aka ba da umarnin aiwatarwa. Sai kuma a 2023, a shari'ar Bruce Taylor, wanda aka yi wa gwaji a Edgewood a 1969 amma bai samu damar neman haƙƙinsa ba sai 2007, kotu ta yarda cewa rantsuwar ce ta toshe masa hanya, don haka lissafin haƙƙinsa ya koma tun 1971. Lauyoyin da suka ci waɗannan nasarori sun ci su ne da karatun takardun gwamnati layi bayan layi, har suka kama ta da maganar bakinta.

Ki duba Birtaniya ma, domin akwai abin koyi. A ranar 6 ga Mayun 1953, a cibiyar binciken makamai masu guba ta Porton Down, aka ɗiga sarin a kan ƙyallen da aka ɗora a hannun wani saurayi ɗan shekara 20 daga rundunar sojan sama, Ronald Maddison, kuma cikin awa guda rai ya yi halinsa. Aka yi binciken mutuwarsa a asirce aka ce tsautsayi ne. Sai a 2004, bayan shekara 51, sabon bincike ya tabbatar cewa kisa ne ba bisa ƙa'ida ba. A 2008 gwamnati ta biya tsofaffin sojoji 360 fam miliyan uku, wato kimanin fam 8,300 kowannensu, ta kuma ba da haƙuri ba tare da amsa laifi a shari'ance ba. Kanada ta biya nata tsofaffin sojojin dalar Kanada 24,000 kowanne tun 2004. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba idan aka auna da rayuwar da ta lalace, amma mutanen sun daɗe ana ɗaukar su maƙaryata ko masu taɓin hankali, kuma amincewar hukuma da cewa abin ya faru tana da nauyin da ba a auna shi da fam.

Yanzu ga abin da nake roƙonki. A shekarun da na yi ina aikin magatakarda a kotu, na sha ganin dattijo ɗan fansho ya zo da takardunsa ƙunshe cikin leda, gefensu duk ya cinye saboda yawan buɗewa da naɗewa, ya zauna a benci tun safe, a ce masa an ɗage zama, ya miƙe a hankali ya ce Allah ya kai mu. Wasu ba su kai ba. Mutanen da za ki wakilta yawancinsu sun haura saba'in, saboda haka duk wanda ya zo gabanki ki ɗauki bayaninsa cikakke tun zuwan farko, a rubuce da kuma a naɗe, ki tambayi sunan jirginsa ko rukuninsa da watannin da ya yi a wurin, ki nemi abokan aikinsa da ke raye, kuma ki saurari matarsa, domin ita ce ta ga dararen da fayil bai rubuta ba. Kada ki bar wa'adin shigar da takarda ya wuce ki ko da kwana ɗaya, tunda kuskurenki na rana guda yana iya zame masa jiran shekara biyu.

Kada kuma tausayi ya sa ki faɗi abin da ba za ki iya tabbatarwa ba. Ba kowane ciwon tsufa ne gwajin ya haddasa ba, kuma binciken da Cibiyar Nazarin Lafiya ta Amurka ta yi kan mahalarta SHAD bai nuna bambanci bayyananne tsakanin lafiyarsu da ta sauran sojoji ba. Lauyan gwamnati zai zo da wannan, don haka ki riga shi karanta shi, ki san iyakarsa. Haka nan ba duk gwaje-gwajen ne ɗaya ba. A shirin Whitecoat na gwajin ƙwayoyin cuta a sansanin Fort Detrick na Amurka, daga 1954 zuwa 1973, sojoji kimanin 2,300, akasari mabiya cocin Adventist waɗanda aƙidarsu ta hana su ɗaukar makami, an yi musu bayani kafin gwaji, kuma suna da damar ƙi. Ambaton wannan zai ƙara wa hujjarki ƙarfi, domin yana nuna cewa tun a wancan zamani hukuma ta san yadda ake neman yardar mutum, kuma inda ba ta nema ba, zaɓi ta yi.

Ki kiyaye harshenki a gabansu. Da yawansu har gobe suna alfahari da kakin da suka sa, kuma ba su zo wurinki don su ji ana zagin ƙasarsu ba. Ke 'yar baƙi ce mai lulluɓi, wataƙila wani ya yi ɗari-ɗari da ke da farko. Ki girmama shi kamar yadda za ki girmama kawunki, ki kira shi da muƙaminsa na soja, ki bar shi ya kai ƙarshen maganarsa ko da ya maimaita ta sau uku.

Batun albashi kuwa, ki zauna da maigidanki ku yi lissafin bashin karatunki da kuɗin haya tsakani da Allah kafin ki sa hannu, kuma ki tambayi ofishin ko aikin yana cikin waɗanda gwamnati ke yafe wa ma'aikatansu ragowar bashin karatu bayan shekara goma. Mu nan ba mu da wata buƙata da za ta sa ki sauya shawara saboda mu. Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta ce ki kira ta ranar Juma'a bayan kin yi istihara. Ki gaishe mini da maigidanki da jikokina. Allah ya yi miki albarka, ya zaɓa miki mafi alheri.

Wassalam,
Mahaifinki