Wasiƙa zuwa ga 'yata a kan haidrojin

Assalamu alaikum 'yata,

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Kin ce jadawalin sinadarai ya yi miki yawa, har kina shirin haddace shi daga farko zuwa ƙarshe. Dakata tukuna. Ki tsaya a gidan farko, wato haidrojin, ki san shi ciki da bai kafin ki matsa gaba.

Babu atam, wato ƙwayar zarra, da ya kai nasa sauƙin tsari: ƙwayar firoton ɗaya a tsakiya, ƙwayar ilektiron ɗaya a kewaye. Shi ya sa lambarsa 1, nauyinsa kuma 1.008. Saboda wannan sauƙin ne masanin kimiyya Niels Bohr ya gwada tsarinsa na atam a kansa a 1913, lissafin kuma ya dace da layukan hasken da haidrojin yake fitarwa. Mafi yawan haidrojin ba shi da nutiron ko ɗaya, wato ƙwayar da kan zauna tare da firoton a tsakiyar atam. Mai nutiron ɗaya shi ne diyuteriyam, wanda Harold Urey ya gano a 1931. Mai biyu kuwa tiritiyam ne, ba ya daɗewa, rabinsa yakan narke ya koma sinadarin hiliyam cikin shekara 12 da 'yan watanni. In kin riƙe waɗannan ukun, kin gane cewa yawan firoton ne yake ba sinadari sunansa, ba nutiron ba.

Atam ɗinsa ba sa zama ɗai-ɗai, biyu-biyu suke haɗuwa su zama gas. Iskar da muke shaƙa ta ninka shi nauyi kusan sau 14, kuma ba ya zama ruwa-ruwa sai sanyi ya kai digiri 253 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius. Duk da haka shi ne kusan kashi 75 cikin 100 na nauyin sinadaran da ke cikin sararin samaniya baki ɗaya, shi kuma rana take mayarwa hiliyam ta ba mu haske. Ikon Allah!

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Za ku zuba asid a kan ƙarfen zinki a ɗakin gwaji, kamar yadda masanin kimiyya Henry Cavendish ya yi a 1766, gas ɗin zai fito ba launi, ba wari, ba ɗanɗano. Hancinki ba zai gargaɗe ki ba. Da zarar ya kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri yana iya kama wuta, haka nan har zuwa kashi 75, harshen wutar kuma da ƙyar ake ganinsa da rana. Jirgin balan-balan na Hindenburg da ya ƙone a Amurka a 1937 da shi aka cika shi, mutum 36 suka rasu. Don haka ki tara kaɗan a ƙaramar kwalbar gwaji, ki buɗe tagogi, ki sa tabarau na kariya, kuma kada ki kai wuta kusa da inda gas ɗin yake fitowa, ko da ƙawayenki sun ce babu komai.

Mahaifiyarki tana gaishe ki. Allah ya yi miki albarka, ya ba da sa'ar jarrabawa.

Mahaifinki