Kafin a saka injin waful cikin kayan ɗakin amarya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana da iyaye mata da masu sana'ar abinci a jihar Kebbi game da waful, wato gurasar Turawan nan mai ramuka a jiki, wadda ake gasawa tsakanin ƙarafa biyu masu zane. Ina koyar da girki a Birnin Kebbi, kuma na lura injin yin ta ya fara shiga jerin kayan kicin da ake saya wa amare, amma da yawa daga cikinsu suna ƙarewa a cikin kwali a saman kabad, ba a taɓa gasa komai da su ba. A ganina, laifin yana wurin zaɓe, domin ana duba ƙyallin injin, ana manta irin wutar da muke samu a gidajenmu.

Injin lantarki na waful yana aiki ne da zafi, kamar dutsen guga, saboda haka yana jan wuta sosai. Mafi yawansu suna buƙatar wat 700 zuwa 1,400, kuma ƙaramin janaretan da ake kunna fanka da talabijin da shi ba zai ɗauki manyan cikinsu ba, haka ma ƙaramar inbata ta sola. Idan wuta ta zo da rauni, ƙarfen ba ya yin zafin da ake so, sai ƙullun ya dahu a hankali, ya fito da laushi kuma ya manne, mai girki ta riƙa zargin hannunta alhali ba ta yi kuskuren komai ba. Akwai kuma abin da ya fi wannan haɗari a kayan gwanjo. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa bolt 120, kuma injin da aka ƙera don gidajen Amurka zai ƙone idan aka jona shi a soket ɗinmu kai tsaye. A juya injin a karanta rubutun da ke ƙarƙashinsa tun a shago: idan an ga 220 zuwa 240, namu ne, idan 110 ko 120 kaɗai aka rubuta, a ajiye wa mai shi kayansa, komai arharsa.

Shawarata ga mafi yawan gidaje ita ce a nemi kaskon waful na ƙarfen zubi mai dogon hannu, wanda ake ɗorawa a kan risho, ko gas, ko gawayi, ana juya shi. Wannan shi ne na asali, domin da shi Turawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna gasa waful a bakin murhu, kuma wanda wani Ba'amurke mai suna Cornelius Swartwout ya yi wa rajista a Amurka ranar 24 ga Agusta, 1869 na ɗorawa a kan murhu ne. Yana da nauyi, yana kuma son a saba da shi, amma duk macen da ta iya sarrafa wutar tanda ba za ta sha wahala ba. Ana shafe shi da mai a gasa shi kafin amfanin farko, ba a jiƙa shi cikin ruwa, kuma ana busar da shi a kan wuta bayan wanki don kada ya yi tsatsa. Wadda ta fi son na lantarki kuwa, ta zaɓi mai maɓallin rage zafi da ƙarawa, wanda farantansa ke cirewa don wanki, kuma kada ta kusantar da cokali mai yatsu ko wuƙa ga baƙin shafen da ke hana abinci mannewa, domin da zarar ya kankare, injin ya gama aiki.

Zurfin ramuka ma abin dubawa ne. Mai zurfi shi ake kira na Beljiyam, ƙasar da ta yi suna da nau'i biyu: na birnin Brussels, mai sauƙi da ƙullu na ruwa, da na birnin Liège, wanda ake yi da kwaɓi mai tauri da ƙwayoyin sukari da ke narkewa su yi ja a jikin ƙarfe. Mai zurfin ramuka yana cin ƙullu da yawa, kuma yana son wuta mai ƙarfi, don haka ga gida mai yara da yawa na fi son mai ramuka marasa zurfi.

Haɗin ba shi da wuya. Fulawa kofi biyu, ƙwai biyu, madara kofi ɗaya da rabi, narkakken man shanu ko man gyaɗa sulusin kofi, bakin foda (hodar da ke sa ƙullu ya kumbura) babban cokali ɗaya, sukari cokali biyu da ɗan gishiri. Man nan shi ne ke raba waful da fanke, saboda haka kada a yi rowarsa. A ware farin ƙwai a buga shi har ya yi kumfa ya tsaya, a zuba shi a ƙarshe, a juya a hankali. Yawan juyawa yana sa fulawa ta yi danƙo. A bari kasko ya yi zafi sosai kafin a zuba, kuma kada a buɗe sai tururin da ke fita ta gefe ya lafa. Idan an cire, a jera su a kan raga, domin ɗora ɗaya kan ɗaya yana sa tururi ya jiƙa su.

Abin da ya fi sa ni rubuta wannan wasiƙa shi ne shinkafarmu. Jihar da ke noma shinkafa a fadamun Argungu, Suru, Bagudo da Yawuri bai kamata ta dogara ga fulawar alkama kaɗai ba, musamman da yake garin shinkafa yana ƙara wa waful ƙarasƙaras. A maye kashi ɗaya cikin huɗu na fulawar da garin farar shinkafa mai laushi, za a ji bambanci a baki. Ƙullun waina ma, wanda ya kwana ya tashi da yis, yana gasuwa a kaskon waful idan aka ƙara masa mai da ƙwai, kuma yana tafiya da miyar taushe ko ƙuli-ƙuli da yaji kamar yadda yake tafiya da zuma. Sai dai a lokacin bazara ƙullu yana saurin tsami a garinmu, don haka a rage lokacin da ake barinsa ya tashi.

Ina kira ga maƙeranmu da su duba wannan kasko, su gwada ƙera shi a nan gida da hannu na katako, domin masu sayar da waina a bakin makarantu da tashoshin mota su same shi a farashin da za su iya.

Wassalam.

Wata malamar girki,
Birnin Kebbi.