Wasiƙa daga Edinburgh a kan Sarauniya Mary ta Sikotland

Zuwa ga aminina Malam Habibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Baba, ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso ni, kuma na ga tambayarka game da sarauniyar nan ta Sikotland wadda 'yar'uwarta ta Ingila ta sa aka sare wa kai. Na jinkirta amsa ne har sai da na taka zuwa fadar Holyrood a makon jiya, domin na fi son in ba ka labarin bayan na ga ɗakunan da abin ya faru a cikinsu. Ka ce a fahimtarka rikicin addini ne ya ci ta. Na yarda da kai idan ƙarshenta a Ingila kake nufi, amma a ƙasarta aure da 'yan ubanci da rigimar hakimai ne suka raba ta da gadon sarauta.

An haifi Mary Stuart a fadar Linlithgow ranar 8 ga Disamba 1542, kuma tana da kwana shida a duniya mahaifinta, Sarki James na Biyar, ya rasu, wato sarauta ta faɗo mata tun kafin ta kai kwana bakwai ɗin da mu muke raɗa suna. Sarkin Ingila, Henry na Takwas, ya nema wa ɗansa Edward aurenta domin ya haɗa ƙasashen biyu, da mutanen Sikotland suka warware alkawarin kuwa sai ya aiko da mayaƙa suka ƙona Edinburgh a 1544. Saboda haka a 1548 aka kai yarinyar Faransa, ƙasar mahaifiyarta, inda ta tashi cikin ɗariƙar Katolika, ta auri yarima mai jiran gado a 1558. Mijin ya hau gado a 1559, ya rasu a Disamba 1560, ya bar ta bazawara saura kwana uku ta cika shekara 18.

Ƙasar da ta komo a Agusta 1561 ba ita ce ta bari ba. Shekara guda kafin nan majalisar Sikotland ta soke ikon Fafaroma, ta haramta ibadar Katolika, kuma babban mai wa'azin Furotesta, John Knox, ya riga ya rubuta cewa mulkin mace ya saɓa wa dokar Allah. A nan nake so ka lura da abin da ta yi, domin a kansa na kafa hujjata. Ta yi shela cewa a bar addinin ƙasa yadda ta same shi, ita kuma ta riƙa yin ibadarta a cocin fada, ta ɗauki ɗan ubanta James, hakimin Moray, wanda ɗan Furotesta ne, a matsayin babban mai ba ta shawara. Har ma a 1562 rundunarta ta murƙushe hakimin Huntly, wanda shi ne mafi ƙarfi a cikin hakiman Katolika. Knox ya sha zuwa fada suna musayar magana, har ya taɓa sa ta kuka, amma shekara huɗu ta yi tana mulki ba tare da ya iya kayar da ita ba.

Abin da idonta yake kai shi ne gadon Ingila. Kakarta ta wajen uba, Margaret, yayar Henry na Takwas ce, don haka Sarauniya Elizabeth ta Ingila, 'yar Henry ɗin, taubashiyar mahaifinta ce, kuma mabiya Katolika da yawa ba su yarda da auren da aka haifi Elizabeth a cikinsa ba, suna ganin Mary ce ta cancanci sarautar. Wannan buri yana cikin abin da ya sa ta auri Darnley a Yuli 1565, domin shi ma jikan Margaret ɗin ne. Auren ya fusata Moray har ya yi tawaye ya gudu Ingila, mijin kuma ya fito a mashayi mai girman kai, wanda yake neman a ba shi cikakken ikon sarki, ita kuma ta ƙi.

Ɗakin da na fi daɗewa a cikinsa a Holyrood wani ɗan ƙaramin ɗakin cin abinci ne da ke jikin ɗakin barcinta, wanda da ƙyar zai ɗauki mutum goma. A nan ne, ranar 9 ga Maris 1566, Darnley da wasu hakiman Furotesta suka afka mata tana cin abincin dare, tana da cikin wata shida, suka fizge magatakardanta David Rizzio, mutumin Italiya, suka ja shi waje suka yi masa suka fiye da hamsin. Wallahi Malam, ƙanƙantar ɗakin ce ta tayar mini da hankali, domin duk wanda ya zare wuƙa a wurin bai fi taku biyu tsakaninsa da cikin nata ba. Ta haifi ɗanta James a watan Yuni, amma tsakaninta da mijin babu sauran yarda.

A Fabrairu 1567 aka tarwatsa gidan da Darnley yake jinya da albarushi, aka tsinci gawarsa a lambu ba tare da alamar ƙuna ba, jama'a kuma suka ɗora zargi a kan hakimin Bothwell. An yi masa shari'ar je-ka-na-yi-ka aka wanke shi, ya tare ta a hanya ya tafi da ita gidansa, sannan ranar 15 ga Mayu, wata uku da mutuwar mijinta, aka ɗaura musu aure bisa tsarin Furotesta. Har yau masana suna gardama a kan ko da yardarta aka yi ko tilasta mata aka yi, ni dai na fi karkata ga cewa ta ga gaba kura baya sayaki ne. Abin da ba a gardama a kansa shi ne auren ya haɗa kan hakiman Katolika da na Furotesta suka juya mata baya. Suka tsare ta a wani tsibiri cikin tafkin Lochleven, inda ta yi ɓarin tagwaye, suka tilasta ta ta yi murabus ranar 24 ga Yuli, aka naɗa jaririnta, Moray ya zama mai riƙon gado.

Da ta tsere a Mayu 1568 aka ci rundunarta a Langside, sai ta shiga jirgin masunta ta ƙetara Ingila tana zaton Elizabeth za ta mayar da ita kan gadonta, ashe gudun gara ta yi ta faɗa gidan zago. Daga nan maganarka ta zama gaskiya. Hakiman Katolika na arewacin Ingila sun yi tawaye a 1569, Fafaroma Pius na Biyar ya kori Elizabeth daga coci a 1570, ya kuma sauke wa talakawanta nauyin yi mata biyayya, don haka duk mai son tsige Elizabeth sai ya fake da sunan Mary, ko ta sani ko ba ta sani ba. Kusan shekara 19 ta yi a tsare, ana yawo da ita daga wannan gida zuwa wancan, tana ɗinkin ado da rubuta wasiƙun asiri. A 1586 shugaban 'yan leƙen asirin Elizabeth, Francis Walsingham, ya bari ana fitar mata da wasiƙu a ɓoye cikin gangar giya alhali mutanensa suna karanta kowacce, har ta amsa wa Anthony Babington, wanda yake shirya kashe Elizabeth, da kalaman da aka kafa hujja da su a kanta.

An yi mata shari'a a fadar Fotheringhay da ke Ingila a Oktoba 1586, inda ta dage cewa ita sarauniya ce, babu kotun Ingila da ke da hurumi a kanta. Elizabeth ta yi ta jan ƙafa fiye da wata uku kafin ta sa hannu a takardar hukuncin kisa, domin wanzami ba ya son jarfa, ta san in aka saba sare kan sarakuna ita ma nata bai tsira ba. An kashe Mary ranar 8 ga Fabrairu 1587 tana da shekara 44, sanye da jan tufa a ƙarƙashin baƙar riga, launin shahada a wurin Katolika. Elizabeth kuwa ta ce ba da umarninta aka aika takardar ba, ta jefa magatakardan da ya fitar da ita a kurkuku. Matan nan biyu ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba.

Ɗan da rabonta da shi tun yana wata goma, wanda aka rena a Furotesta, shi ya gaji Elizabeth a 1603, kuma a 1612 ya sa aka ɗauko gawar mahaifiyarsa aka kai ta majami'ar Westminster a Landan, inda kabarin Elizabeth yake. In Allah ya yarda zan je can bayan jarrabawa, zan kuma aiko maka da hotuna. Ka gaishe mini da su Baba da Inna da uwargida da yara. Wassalam.

Naka har kullum,
Aminu