Zuwa ga Edita: Maganar maleriya ba ta ƙare a gidan sauro ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Na karanta rahoton da kuka buga kan yadda ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta fara bijire wa maganin atemisinin a Ruwanda da Uganda da Iritiriya, kuma kun kyauta sosai, amma inaga akwai ɓangaren da kullum ake tsallakewa, wato ta ina ne sabon magani zai fito in waɗannan na hannunmu suka gaza. Mu nan Najeriya mu ne muka fi kowa ɗaukar nauyin cutar nan, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa a duniya namu ne, kuma mun riga mun ga yadda kulorakwin ya mutu a idonmu har gwamnati ta koma ACT, wato haɗin atemisinin da wani magani, a 2005. To ni malamin kimiyyar sinadaran jiki ne, ku ba ni fili in yi bayanin wani enzayim, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai a jiki, da ɗalibai ke haddace sunansa don jarrabawa kawai su manta, alhali yana cikin ƙofofin da masu bincike ke ƙwanƙwasawa yanzu. Sunansa liyusil aminofeftides, a taƙaice LAP.

Furotin dai kamar carbi yake, amino asid ne aka jera ɗaya bayan ɗaya a zare guda. Akwai enzayim masu yanke zaren a tsakiya, shi kuwa LAP daga baki yake farawa, ta gefen da ake kira kan amino, yana zare ƙwaya ɗai-ɗai, kuma ya fi son ya tarar da amino asid ɗin da ake kira liyusin a bakin, ko da yake yana cire wasu ma irin su metayonin. Tun 1929 Linderstrom-Lang ya gano aikinsa a hanjin alade a Denmak, sai a 1990 ne aka fitar da cikakkiyar surarsa a jami'ar Habad ta Amurka, daga wanda aka ciro a idon saniya. Abin da aka gani shi ne guda shida ne suke haɗuwa su zama dunƙule ɗaya da rami a tsakiya, wuraren yankan duk suna fuskantar cikin ramin, shi yasa babban furotin ba ya iya shiga sai ƴan guntaye. Kowane ɗaya cikin shidan yana riƙe da ƙwayar ƙarfe biyu, zinki ko manganis, su ne ke riƙe guntun su kuma taimaka wa ruwa ya tsinka haɗin. Ka cire ƙarfen, aiki ya tsaya cak.

Yanzu ga inda maganar ta shafe mu. Ƙwayar maleriya mai suna falsifarom in ta shiga jan ƙwayar jini mafi yawan amino asid ɗinta daga himoglobin take samu, wato furotin ɗin da ke sa jini ja, kuma ba ɗan kaɗan take ci ba, fiye da rabinsa take cinyewa kafin ta fashe ta fito. Tana haɗiye shi zuwa wata jaka mai tsami a cikinta, a can wasu enzayim da ake kira falasmefsin da falsifain su daddatsa shi, sai guntayen su fito waje, a nan ne LAP ɗin ƙwayar, wanda masana suka sa wa suna PfA-M17, tare da ɗan'uwansa PfA-M1 suke ƙarasa aikin su mayar da su amino asid da za ta gina jikinta da su. Kaga ke nan duk rayuwarta a jini ta rataya ne a kan wannan hanyar cin abinci. Kulorakwin ma nan ya kama ta, yana hana ta daskarar da gubar him, wato sinadarin mai ƙarfe da ke fita daga himoglobin. Atemisinin kuma ƙarfen him ɗin ne ke tayar da shi, shi yasa ƙwayoyin da suka samu canji a ƙwayar halittarsu mai suna kelch13 suke rage haɗiyar himoglobin suna ƙanana don su tsira. Wallahi dabara ce mai ban haushi amma dabara ce.

A 2022 masu bincike a Ostireliya suka wallafa aikin da ya nuna in aka rage PfA-M17 a cikin ƙwayar, ko aka toshe shi da wani sinadari da suka haɗa, guntayen himoglobin sai su taru ba mai ƙarasa su, ƙwayar ta mutu. Wannan a kwanon gwaji ne fa, kar wani ya ɗauka gobe zai je kemis ya saya. Matsalar ita ce mu ma muna da namu LAP a hanta da ƙoda da ido, to dole maganin ya iya bambance nata da namu. Akwai bestatin da Hamao Umezawa ya samo daga wata bakteriyar ƙasa a Japan a 1976, yana toshe waɗannan enzayim, har ana amfani da shi can wajen jinyar wani nau'in kansar jini, amma ba ya zaɓe, kowa yake bugu, shi yasa ya zama abin farawa kawai ba maganin maleriya ba.

Kuma ba maleriya kaɗai ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kwata ya ga yadda ake yar da hantar sa ko ta tunkiya saboda tsutsar nan mai faɗi kamar ganye, musamman dabbobin da suka yi kiwo a fadama. Ita ma tana da nata LAP a hanjinta, da shi take narkar da abin da ta tsotsa. A Yurugwai an yi wa tumaki allura da wannan enzayim, rahoton 1999 ya nuna tsutsar ta ragu da wajen kashi 89 cikin 100. Har yau dai babu riga-kafin a kasuwa, kuma nasu nau'in hefatika ne, namu jaigantika ne, to wa zai gwada namu in ba mu ba? Makiyayi a Mambila ko bakin tafkin Chadi ba shi ne damuwar kamfanin magani na Turai ba.

Sauran ayyukansa zan wuce da sauri. Tumatir in tsutsa ta ciji ganyensa yana ƙara yawan wani LAP, kuma da aka kashe shi a gwaji a Kalifoniya sai tsutsar ta fi cin ganyen ta fi girma. A bakteriyar E. coli kuwa har DNA yake kamawa, aikin da ba ruwansa da yanka. A asibiti ana iya auna shi a jini, yana hawa in hanyar matsarmama ta toshe amma ba ya hawa don ciwon ƙashi, sai ya taimaka wa likita ya san daga ina matsalar take, duk da yanzu wani gwajin jini mai suna GGT aka fi yi.

Abin da ke ci min rai shi ne duk sunayen da na lissafa ba namu ko ɗaya, Denmak, Amurka, Japan, Ostireliya, Yurugwai, alhali ƙwayar tana jinin ƴaƴanmu duk damina. Ba wai ba za mu iya ba ne, marigayi Farfesa Andrew Nok a ABU Zariya a kan enzayim ɗin ƙwayar sammore ya yi suna har ya ci kyautar kimiyya ta NLNG a 2009. Auna aikin LAP ma ba wani tashin hankali ba ne, akwai sinadarin da in ya yanke shi ruwan ke komawa rawaya, na'urar auna launi ce kawai ake buƙata da firij da wuta da ba ta ɗaukewa, kuma wannan na ƙarshen shi ne ke kashe mana samfur. Muna ta ba ɗalibai furojet na jiƙa ganye a ba ɓera a rubuta "ya yi aiki", ba tare da an tambayi wane enzayim ganyen ya taɓa ba.

Roƙona Malam Edita, ku tura wakilinku sassan bayokemistiri da na likitan dabbobi a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri, ya tambaye su me suke yi a kan enzayim ɗin waɗannan ƙwayoyi, nawa TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ta ba su, kuma awa nawa suke samun wuta a ɗakin gwaji, ku buga mana amsar yadda suka bayar.

Na gode.

Naku,
Wani malamin kimiyya, daga Zariya