Godiya ga masu wankin mota na kusa da gadar Pen Cinema, kan cire gam ɗin sitika daga gilashi

Assalamu alaikum Maigida, kai da yaranka baki ɗaya.

Mu dillalan motoci ne da direbobi, 'yan Arewa mazauna Agege. Mun rubuto wannan takarda a fili domin mu gode muku kan wani aiki da ake rainawa har sai ya ɓata wa mutum gilashi, wato cire ragowar gam ɗin sitika daga gilashin gaban mota. Masu wanki da yawa sun iya kumfa da goge taya. Wanda zai cire sitikar da ta shekara uku rana na dukanta, gilashi ya fito ba ƙarzane ba, sai an tona.

A Legas gilashin mota ba ya rabuwa da liƙe-liƙe. Tokumbo, wato motar da aka yi amfani da ita a ƙasar waje, na fitowa daga tashar jiragen ruwa ta Tin Can ko Apapa da takardun gwanjon Amurka manne a jiki, ga lambobin da aka rubuta da alƙalamin fenti. Kafin shekara ta zagayo an ƙara mata sitikar lasisi, ta ƙungiya, ta shiga rukunin gidaje, wani lokaci har da ta siyasa. Zafin rana yana gasa gam ɗin ya bushe ya kama gilashi, shi ya sa in an ja sitikar sai samanta ya taho a bar farar takarda da danƙo, ƙura ta hau kai ya koma baƙi.

Abin da ya fara burge mu shi ne yaranku ba sa taɓa komai sai sun duba. Yaro zai tambayi mai mota wace sitika ce ke aiki har yanzu, don kada a yage ta bana a bar mutum da jami'an hanya. Sannan ya sa farce a gefen gilashin daga ciki ya ji ko an manna baƙar ledar nan mai duhunta gilashi. Ya bi da ido ya nemi tsagewa ko wurin da dutse ya buga. Wannan dubawar ba ta kai minti biyu ba, amma ita ce ke nuna ko gilashin zai ɗauki reza da zafi ko ba zai ɗauka ba. Kuma kuna shigar da motar inuwa ku bari gilashin ya huce, domin a kan gilashi mai zafi sifirit da ruwan sabulu bushewa suke yi kafin su yi aiki.

Kun san sitika iri biyu ce, kowace da hanyarta. Ta takarda ruwa take so: cokali ɗaya na sabulun wanke-wanke a lita ɗaya ta ruwa mai ɗumi, a jiƙa tsumma a ɗora a kai minti goma, takardar ta sha ta yi laushi. Ta roba kuwa ruwa ba ya ratsa ta, ko a kwana ana jiƙawa. Ita zafi ake ba ta da injin busar da gashi, a riƙe shi nesa da gilashi kamar santimita 15 zuwa 20, ana yawo da shi na kusan minti ɗaya, sai a ɗaga kusurwa a ja a hankali, a kwance, ana mayar da ita kan bayanta. Mai fizga da ƙarfi shi ke barin gam mafi yawa. Sauri ya haifi nawa.

Batun zafin nan muna so masu motoci su ji shi da kyau. Gilashin gaba ba falle ɗaya ba ne, falle biyu ne da siririyar roba a tsakani, ita ce ke riƙe shi kada ya tarwatse in an yi haɗari. In aka tsayar da zafi wuri guda, ko aka kwara tafasasshen ruwa, wurin ya faɗaɗa alhali gefensa na nan da sanyi, ƙaramar tsagewa sai ta ruga har ƙarshen gilashi. Mun ga kuna ƙin kunna injin gaba ɗaya idan akwai tsagewa kusa da sitikar, ku koma jiƙo ko da zai ɗauki lokaci. Wannan daidai ne.

Sai reza. Yaro zai ɓare sabuwa daga takardarta a gaban mai mota, ya ɗauraye yashi da ƙurar da ke wurin, ya fesa ruwan sabulu, ya kwantar da bakinta kusan digiri 30, ya tura gaba, ya ɗaga, ya goge bakin a tsumma, ya sake turawa. Ba ya kai da komowa da ita. Sabuwar reza a jiƙaƙƙen gilashi ba ta cika yin zane ba. Abin da ke ƙarzane shi ne tsatsa, karyayyen baki, ko ƙwayar yashi da ta shiga ƙarƙashi. Kuma ba ku kai ta kan baƙar leda, ba ku kai ta cikin gilashin baya inda siraran layukan nan masu kore raɓa suke, don layin da aka yanka ya daina aiki ke nan. A nan tsohon katin ATM ke aiki. Soson ƙarfen wanke tukunya kuwa ba mu taɓa ganinsa a bokitinku ba, kuma gilasan da ya lalata a garin nan Allah kaɗai ya san yawansu.

Danƙon da ya rage kuna narkar da shi da sifirit irin na kemis, a tsumma ake zubawa ba a gilashi ba, a danna minti biyu ko uku sannan a murza. In ya yi taurin kai a ɗiga kananzir ko WD-40, man feshin nan na kwance tsatsa, har man gyaɗa yana yi in an ba shi lokaci. Kafin haka kun shimfiɗa tawul a kan dashbod. Fetur da tina da ruwan goge jan farce suna cin gam da sauri, shi ya sa wasu ke son su, amma suna cin fenti, suna busar da robar gefen gilashi, suna barin farin tabo a dashbod da ba ya fita. Kun hana su a wurinku ko da mai mota yana gaggawa. Haka nan kuna kiyaye bayan madubin tsakiya, inda motocin zamani ke da kyamara da na'urar jin ruwan sama, ba ku barin ruwa ya gangara ciki.

Matakin ƙarshe shi ne wanda aka fi tsallakewa, shi ne kuma muka fi gode muku a kansa. Kananzir da WD-40 maiƙo suke bari. Da rana ba a gani. Sai ruwan Yuni ya tsuge da daddare a kan gadar Third Mainland, waifa ta shafe maiƙon a faɗin gilashi, fitilun masu tahowa su watsu a idon direba. Ku kuna wanke wurin da sabulu sau biyu, ku bi da sifirit, ku goge bakin robar waifar ita ma, sannan ku watsa ruwa ku duba: in ya zube sumul an gama, in ya tsaya ɗigo-ɗigo a zagayen inda sitikar take sai a sake.

Roƙonmu ɗaya ne, Maigida: sababbin yaran da kake ɗauka, a fara ba su katin roba su saba, kafin a danƙa musu reza.

Allah ya sa wa sana'a albarka, ya ƙaro kasuwa, ya tsare hannuwan yaran nan.

Naku,
wasu dillalan motoci da direbobi,
Agege, Legas.